Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyarmu ta malaman jinya, reshen Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Shugaba, Malam Magatakarda, Hajiya Ma'aji, da sauran yayyena da ƙannena na biro, ina gaishe ku da aiki da ɗawainiyar jama'a. Ya iyali, ya damina? Allah ya saka muku da alheri bisa lokacinku da kuke sadaukarwa ba albashi ba lada sai na Ubangiji.

Ni majo ce, wato shugabar malaman jinya, a wata likita ta karkara a ƙasar Magarya, kuma katin ƙungiyar nan yana cikin jakata tun shekarar da na fito daga makarantar ENSP, makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta nan Damagaram. Daftarin sabon tsarin mulkin ƙungiya ya iso mini ta WhatsApp, hotunan shafuffuka da Faransanci, a wani dare da nake gardi. Sau uku na karanta shi. Na aika wa Malam Magatakarda da abin da na gani, ya amsa mini da mutunci cewa duk mai gyara ya zo da shi ranar babban taro, wanda kuka sa a tsakiyar Satumba. To ni na san ba zan samu zuwa ba, kuma na san mafi yawan masu aiki a ƙauye ba za su samu ba. Shi ya sa na buɗe wasiƙar nan kowa ya karanta.

Gyara dai ya zama dole, wannan ba na musu a kai. Kwamitoci tara ga reshe ɗaya sun yi yawa. Akwai wanda tun da aka kafa shi ban taɓa jin ya zauna ba, akwai biyu da aikinsu ɗaya ne sai dai suna ya bambanta, akwai kuma wanda aka ƙirƙira don kawai a lallashi wani da ya faɗi zaɓe. Da kuka ce za ku mai da su huɗu, na yi murna. Abin da ya hana ni barci shi ne yadda aka haɗa su, da kuma wanda aka ba ikon naɗa shugabanninsu.

Zan fara da maganar kuɗi, don a nan ƙungiyoyi ke mutuwa. Tsohon tsarinmu ya tanadi mutum biyu masu binciken asusu, babban taro ke zaɓensu, ba sa cikin biro, kuma ga babban taro kaɗai suke kai rahoto. Daftarin ya narkar da su cikin kwamitin kuɗi da walwala, kwamitin da Ma'aji ke jagoranta. Ma'anar wannan a fili take: mai riƙe da mabuɗin asusu shi zai shugabanci waɗanda za su ƙirga abin da ke ciki. Hajiya, ke yayata ce a makaranta, ke kika koya mini neman jijiya a hannun jariri, kuma ko rantsuwa aka ce in yi a kan amanarki zan yi. Amma doka ba don ke ake rubuta ta ba. Ke za ki sauka wata rana, kujerar ta rage, kuma ba mu san wanda zai hau ta ba. Kuma ko ke ɗin, binciken da ba ya ƙarƙashinki shi ne garkuwarki. Ranar da wani ya tashi a taro ya ce an ci kuɗin kotizasiyo, wato gudummawar da ƴan ƙungiya ke biya, takardar da mutum biyu masu zaman kansu suka sa wa hannu ita za ta rufe masa baki. Takardar kwamitin da ke kike shugabanta ba za ta iya ba, ko da kowane tamma yana wurinsa.

Mu da kanmu mun san wannan daga aikinmu. A kowace likita ta karkara, tun da aka shigo da tsarin biyan kuɗin magani da ya samo asali daga shirin Bamako na 1987, majo ba ya riƙe akwatin kuɗi shi kaɗai. Akwai mai karɓar kuɗi, akwai COGES, kwamitin mutanen gari mai kula da gudanar da likita, da ma'ajinsu, a zauna a ƙirga tare, kowa ya sa hannu. Ni na sha zama a kan tabarma da dattawan da ba su yi lakkwal ba suna tambayata ina jika biyu ta shiga, kuma ban taɓa ɗaukar hakan cin fuska ba. Abin da muka yarda manomi ya yi mana a kan kuɗin magani, don me za mu hana ƴan uwanmu su yi mana a kan kuɗin da suke yanka daga albashinsu? Ku mai da masu binciken asusu inda suke. Ku ƙara da cewa duk wata shida za a fitar da lissafi a shafi ɗaya, abin da ya shigo da abin da ya fita, a tura wa kowane ɗan ƙungiya.

Sai maganar naɗi. Daftarin ya ce Shugaba ne zai naɗa shugabannin kwamitoci huɗun, biro ta amince. Ya kuma ce babban taro ya tabbata da duk adadin mutanen da suka halarta. In aka haɗa waɗannan biyu, mutum talatin da ke zaune a unguwannin Birni da Zango da Sabon Gari na cikin Damagaram za su iya haɗuwa da yamma bayan an tashi aiki, su zaɓi Shugaba, Shugaba ya naɗa kowa, shi ke nan an gama da jaha guda. Ban ce niyyarku ke nan ba. Na san gajiya ce ta kawo wannan sakin layi, gajiyar kiran taro sau uku ba a cika adadi ba. Amma maganin rashin zuwan mutane shi ne a tambayi abin da ya hana su zuwa.

Jahar Damagaram tana da gundumomin kiwon lafiya goma sha ɗaya: birnin Damagaram, Mirya, Magarya, Matamai, Dungas, Gure, Tanut, Takeita, Damagaram Takaya, Belbeji da Tasker. Mutumin Mirya zai iya hawa babur ya zo taro ya koma ya yi gardinsa. Mutumin Tanut yana da kilomita kusan 140 a gabansa, na Gure ya fi haka, na Tasker kuwa sai ya keta rairayi kafin ma ya ga kwalta, kuma in ya fito ya bar likita a rufe ko a hannun mutum ɗaya. Mu mutanen Damagaram mun fi kowa iya kukan nisa. Tun 1926 da aka ɗauke babban birni daga nan aka kai Yamai muke cewa ana yanke mana hukunci daga nisan kilomita kusan 900, mutanen da ba su san ƙishirwarmu ba. Yau ga mu muna shirin rubuta wa Belbeji da Tasker irin abin da muke kuka a kansa, da hannunmu, a cikin dokarmu.

Abin da nake roƙo shi ne majalisar wakilai. Kowace gunduma ta zaɓi wakilanta a can inda take, a taron da ba ya buƙatar kuɗin mota, manyan asibitocin birni su ma su zaɓi nasu. Wannan majalisa ita za ta zaɓi shugabannin kwamitoci, kuma kada taro ya tabbata sai gundumomi bakwai aƙalla suna da wakili, ko da ta waya ne. Ba baƙon tsari ba ne. Majalisar malaman jinya ta duniya, wadda aka kafa a 1899 take da mazauni a Janeba, wakilan ƙungiyoyin ƙasashe ne ke riƙe da ikonta na ƙoli, kujerun hukumar gudanarwarta kuma an raba su bisa yankunan duniya don kada wani yanki ya cinye. In an iya wannan tsakanin nahiyoyi, za a iya shi tsakanin Dungas da Tanut.

Ranar taron kanta ita ce shaida ta. Duk wanda ya sa babban taron malaman jinya a Satumba ya daɗe bai kwana a likitar ƙauye ba. Daga Yuli zuwa Oktoba muna zagayen ba yara ƴan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin damina, wata bayan wata, gida gida, aikin da aka fara a ƙasar nan a 2013, kuma Magarya tana cikin wuraren farko. A daidai lokacin ne masassara ke kai ƙololuwa, rumbuna sun yi ƙasa, tamowa ta haɗu da zazzaɓi a jikin yaro ɗaya. A makon da daftarinku ya iso, akwai daren da na tura yara uku zuwa babbar likita don ƙarin jini, idanunsu fari fat kamar auduga, na huɗun kuma ya cika a hannun uwarsa muna jiran mota. Washegari da asuba layi ya kai bakin ƙofa. Mu biyu ne masu allura a gidan. Ku gaya mini, Malam Shugaba, wanne daga cikinmu zai kulle ɗaki ya taho Damagaram tattauna sakin layi na goma sha huɗu? Ku rubuta a cikin doka, baƙi a kan fari, cewa ba a babban taro ko zaɓe daga Yuli zuwa ƙarshen Oktoba.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Daftarin ya soke kwamitin ɗa'a da ƙa'idar aiki, ya ce biro za ta riƙa duba irin waɗannan matsaloli in sun taso. Na fahimci dalili: kwamitin ya shekara da shekaru bai yi komai ba. Amma ku bari in ba ku labarin abin da rashin aikinsa ya jawo.

Shekarun baya an turo mini wata yarinya sabuwar fita, mai hankali, mai hannu. Wani dare tana ita kaɗai, bayan ta yi yini da kwana a tsaye, ta yi kuskuren lissafin magani ga wani yaro, ta ba shi fiye da nauyinsa. Allah ya kiyaye, ta gane da wuri, ta tashe ni, muka tsaya a kansa har ya farfaɗo. Ita da bakinta ta faɗa, ba wanda ya kama ta. Amma magana ta fita gari, dangi suka taso, takarda ta hau sama. Yarinyar nan ta nemi wanda zai zauna da ita ya dubi abin da ya faru da idon sana'a: awa nawa ta yi tana aiki, wane sikeli ne a ɗakin, da wace fitila ta karanta kwalbar, wa ya kamata ya duba bayanta. Na kira lambobin da nake da su na ƙungiya. Kowa ya yi mini jaje, ba wanda ya ce wannan aikina ne. Ƙarshenta ta ajiye farar riga ta koma gida. Abin da ya fi muni, sauran matasan da suka ga yadda ta ƙare sun koyi darasi ɗaya: in ka yi kuskure, ka yi shiru. Kuma kuskuren da aka ɓoye shi ne wanda ake maimaitawa a kan ɗan wani.

Sandika tana da aikinta, ita ke faɗan albashi da alawus da ƙarin girma, Allah ya taimake ta. Hukuma tana da nata, ita ke hukunci. Tsakanin biyun nan akwai fili, kuma filin nan shi ne dalilin kafa ƙungiyar sana'a: wurin da malamin jinya zai gaya wa ɗan uwansa gaskiya, ya kare shi in an zalunce shi, ya tsawata masa in ya karɓi kuɗin da bai halatta ba ko ya daka wa mai naƙuda tsawa. Mu daina ɓoyewa, ana yin waɗannan, kuma mata a ƙauye suna faɗa, wasu har sun gwammace su haihu a ɗaki saboda bakin wata malama. Biro ba za ta iya wannan aiki ba, don biro tana neman ƙuri'a, mai neman ƙuri'a kuwa ba ya son ɓata wa kowa. Ana buƙatar mutum biyar da majalisar wakilai ta zaɓa, cikinsu da wanda ya yi ritaya ba ya tsoron canjin wurin aiki, da ungozoma ko malamar da ta daɗe a ɗakin haihuwa, da matashi ɗaya. A ba su wa'adin amsa ƙorafi, a ce kwana talatin. Su riƙe sirrin mutane, amma duk shekara su gaya mana irin matsalolin da suka gani ba tare da suna ba, don mu san inda za mu karkata horo. In za ku soke kwamitoci takwas ku bar ɗaya, wannan za ku bari.

Sauran kwamitocin kuwa, ina ganin yawancinsu ba sa buƙatar zama na dindindin. Kwamitin da ba shi da ranar mutuwa yakan koma kujera kawai. Ku tuna sanƙarau da ya faɗo mana: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jahar nan daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, 18 suka rasu, Dungas ce ta fi jin jiki. Ba mu gama numfasawa ba mashaƙo ya ɓulla a ƙasar Matamai a daminar 2023, cutar da yawancin matasanmu a littafi kawai suka san ta. A lokutan nan biyu abin da muka buƙata daga ƙungiya ɗan ƙarami ne: mutum huɗu ko biyar da suka san cutar, su haɗa bayani a shafi biyu, su yi shi da murya a tura ta waya, su riƙa tambayar wa ya rasa safar hannu da takunkumi, wa ya kamu a cikinmu. Wata uku su gama, su kawo rahoto, a sallame su da godiya. Ku ba majalisar wakilai ikon kafa irin wannan ƙaramin kwamiti, da aiki ɗaya rubutacce da ranar rufewa.

Horo shi kaɗai nake ganin ya cancanci zama na kullum tare da na ɗa'a da na kuɗi, kuma da sharaɗi. Kowa ya san yadda ake yi in gurbin formasiyo ya zo da kuɗin zama: kafin labari ya wuce Mirya an cika sunaye. Akwai wanda takardun shaidarsa sun cika jaka, akwai wadda ta shekara takwas a daji ba a taɓa kiranta ba, alhali ita ke karɓar haihuwa da tocila a baki. A buɗe rajista, a rubuta wa ya je, yaushe, daga wace gunduma, kowa ya iya gani.

Akwai kuma tambayar da daftarin ya tsallake gaba ɗaya: wane ne ɗan ƙungiya mai ƙuri'a? An rubuta ma'aikacin da ke da lambar aikin gwamnati. To ku leƙa kowace likita ku ƙirga masu farar riga. Ƴan kwantaragi, ƴan bautar ƙasa, ƴan sa kai da suka shekara biyar suna jiran lamba, waɗanda suka fito daga makarantun kuɗi da suka yawaita a garin nan, su ne ke ɗauke da rabin gardi ko fiye. Tun 2006 da aka mai da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta layi ya ƙaru a kanmu, da aka rage kuɗin magani a likitocin gwamnati a Satumban 2024 ya sake ƙaruwa, kuma a wuyan waɗannan yara nauyin ya fi sauka. Muna karɓar gudummawarsu in an yi rasuwa ko suna, muna kiransu su jera kujeru ranar 12 ga Mayu, ranar malaman jinya ta duniya. In an zo zaɓe sai mu ce su tsaya waje. Duk mai takardar shaidar jinya da hukuma ta yarda da ita, yana aiki, yana biyan abin da aka yanka masa daidai ƙarfinsa, a ba shi ƙuri'a. A ware musu kujera a majalisar wakilai.

Wa'adi kuma a taƙaice: shekara uku, sau biyu, a sauka. Daftarin ya yi shiru a kan sau nawa, shirun nan kuwa ƙofa ce. Haka nan ku dubi biro ɗinku ku dubi ɗakunan jinya. Mata sun cika ɗakunan, amma a teburinku Hajiya ce kaɗai. Ba rashin iyawa ba ne. Taron da ake farawa bayan la'asar a kai bayan isha, matar aure mai goyo ba za ta zauna ba. Ku mai da shi safiyar Asabar ku ga ko ba za su zo ba.

Na san wani zai ce wannan duk zai jawo jinkiri da kashe kuɗi, ƙungiya kuwa ba ta da ko ɗaya. Gaskiya ne zaɓe a gundumomi goma sha ɗaya ya fi taro ɗaya a birni wahala. Amma majo-majo suna haɗuwa a gundumominsu don kai rahoto da karɓar magani, a nan za a iya zama awa ɗaya bayan an gama aikin hukuma. Kuma ina da yaƙinin mutanen da suka daina biyan kotizasiyo ba talauci kaɗai ya hana su ba. Na tambayi da yawa, amsarsu ɗaya ce: ba mu san inda take zuwa ba, ba a kuma taɓa tambayarmu komai ba. Ku tuna ƙungiyoyi irin tamu a ƙarƙashin doka mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984 aka yi musu rajista, kuma abin da muka rubuta muka kai wa hukuma ya zama igiya a wuyanmu, kwance ta sai wani babban taron. Tun ran gini ran zane.

Saboda haka ga roƙona, Malam Shugaba. Ku ɗage taron Satumba zuwa Disamba, bayan an kai amfanin gona gida, masassara ta lafa, kafin iskar sanƙarau ta kankama. Kafin nan ku sa a karanta daftarin da Hausa, sakin layi bayan sakin layi, a naɗi murya a tura, a samu mai yi da Barbarci saboda ƴan uwanmu na Gure. Dukkanmu mun yi karatu da Faransanci, amma Faransancin allura daban, na doka daban, kuma mutum ya fi gane inda aka ɗaure shi in an faɗa masa da harshen uwarsa. Ku ba kowace gunduma wata biyu ta kawo gyaranta a rubuce, ku fitar da duk gyaran da aka kawo, har wanda ba ku yarda da shi ba, tare da dalilinku.

In kun amince, ni na ɗauki nauyin karatun Hausar, da tattara na Magarya da Dungas, in kawo muku da hannuna a makon farko na Nuwamba in Allah ya kai mu. Malam Magatakarda yana da lambata. Ina jiran amsarku a nan inda kowa zai gani, kafin zagayen maganin yara na wata mai zuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu a cikin wannan aiki.

Wassalam.

Ƙanwarku kuma abokiyar aikinku,
majo a wata likita ta ƙasar Magarya, jahar Damagaram